Akuyar 'Yar Gudun Hijira: Tarihi Daga Fadamar Haɗejiya

1/
Duk ranar da aka saka hoton wani jami'i yana miƙa wa mata igiyar akuya, sai nan wurin ya kaure da dariya. "Wai akuya! A wannan zamanin?" To yau bari mu ajiye dariyar tukuna mu duba tarihi, daga fadamar Haɗejiya. Zaren na da tsawo, ku gyara zama.

2/
Magana ɗaya nake son nunawa. Ba wa matar da ta rasa komai akuya tsohuwar dabara ce, ta girmi duk wata ƙungiyar agaji da kuka sani, kuma ta sha fitar da gidaje daga yunwa. Amma duk inda ta yi aiki, akwai abubuwan da suka rako akuyar. In babu su, sati kaɗan za ka gan ta a kasuwa.

3/
Mu fara da suna. A yarjejeniyar duniya ta 1951 da ta ƙasashen Afirka ta 1969, ɗan gudun hijira shi ne wanda ya tsallake iyakar ƙasarsa. Wanda ya baro Baga ya sauka a Haɗejiya sunansa daban a takarda, yarjejeniyar Kampala ta 2009 ce ta shafe shi. A bakin Bahaushe duk 'yan gudun hijira ne, haka zan kira su.

4/
Ga wanda bai san ƙasar ba: Kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya. Da ya wuce garin Haɗejiya sai ya shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai jigayi, ya rarrabu, ya bazu ta Kirikasamma da Guri har Nguru. Wajen Gashuwa ya haɗu da ruwan Jama'are, su nufi Tafkin Chadi da sunan Kogin Yobe.

5/
Ruwan kan cika a watan Agusta da Satumba. In ya fara janyewa sai ya bar danshi da ɗanyar ciyawa, a lokacin da ko'ina ya bushe ƙamas. Manomi ya girbe shinkafa ya bi da wake a danshin, masunci ya kama kifi, makiyayi ya gangaro da garkensa da rani. Fadama ɗaya, kowa da lokacin cinsa.

6/
Shi ya sa tun da can, wanda fari ko yaƙi ya koro daga gabas ko daga arewa, nan yake nufowa. Ƙasar na kan tsohuwar hanyar Kano zuwa Borno. Ku dubi mazaunanta: Hausawa, Fulani, Mangawa, Badawa, Gizimawa, Barebari. Wurin da ke da ruwa da rani ba ya rasa baƙo.

7/
To me ya kawo mata cikin zancen? A gidan karkara gona da rumbu na maigida ne, amma awaki da tumakin da ke ɗaure a tsakar gida yawanci na mata ne. Polly Hill, Baturiyar da ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta tarar da haka ta rubuta a littafinta na 1972. Kakanninmu mata kam ba su jira littafi ba.

8/
Dalilin a fili yake. Shari'a ta ba mace mallakar dukiyarta, miji ba ya taɓa ta sai da yardarta. Kuɗin sadaki, ribar ƙuli-ƙuli ko fura, kwasar adashi, ɗan abin da aka samu na gado, akan zuba su a akuya. Kuɗi a ƙulle a bakin zane kowa na da buƙata da shi. Akuya kuwa sai an yi shawara kafin a kwance ta.

9/
Kuma kiwo ne da ya dace da matar da ba ta fita. Turke a gefen ɗaki ya isa. In an yi surfe ga dusa, in an wanke tsaba ga ƙasari, yara su yo ciyawa, da kaka a ajiye harawa a kan rumfa. Takin da ta tara kuma jaki ya kai shi gona. Babu abin da ke zubewa a banza.

10/
Ga lissafin. Cikin akuya wata 5 ne, in ta samu abinci tana iya haihuwa sau 3 a shekara 2. Jar akuyar nan da ake kira ta Sakkwato ko ta Maraɗi ta shahara da tagwaye. Saniya kuwa wata 9, ɗa ɗaya, kuma sai ta kai shekara 3 zuwa 4 kafin haihuwar fari. Mai farawa daga babu ba shi da wannan lokacin.

11/
Yaya akuya ke zama tuwo? A Nijar ana shan nononta sosai. A wajenmu an fi bi ta kasuwa. Rumbu ya ƙare a Yuli ko Agusta, sabon gero bai nuna ba, sai uwar gida ta ba da ɗan bunsuru a kai kasuwa a auno hatsi, ko a sayo maganin yaro. Ba a ci iri ba, ba a jinginar da gona ba.

12/
Sai dai akwai tarko. Lokacin da kowa ke jin yunwa, kowa ke fito da dabbarsa. Farashin akuya ya faɗi, na gero ya hau. Wadda ta samu abin da za ta ci har ta riƙe dabbarta zuwa kaka ko gab da Sallah, ita ke cin riba. Wadda ba ta samu ba, dillali ke ci. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

13/
Yanzu tarihi. A 1887 cutar bushiya ta shigo Afirka ta gaɓar Iritiriya, cikin shanun da sojojin Italiya suka shigo da su. Wajen 1890 zuwa 1891 ta iso ƙasashen Tafkin Chadi da ƙasar Hausa. A wurare da dama ta kashe kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na shanu. Mai garke ya wayi gari da sanda kawai.

14/
Wani hafsan Faransa mai suna Monteil ya ratsa Sakkwato da Kano da Haɗejiya zuwa Kukawa tsakanin 1891 da 1892, ya kuma rubuta irin ɓarnar da annobar ta yi a ƙasashen da ya bi. Ku tuna fa, matan Fulani da nono suke sayen hatsi. Saniya ta mutu, ƙwaryar nono ta kife, abincin gida ya tsaya.

15/
Awaki da tumaki ba su sha kashi kamar shanu ba. Da su aka sake tashi. A tara awaki su hayayyafa, a sayar da wasu a sayi karsana, karsana ta zama garke. Har gobe makiyayin da ya yi asara wannan tsanin yake hawa, kuma matakin farko na tsanin sau da yawa a hannun matarsa yake.

16/
Ba a gama farfaɗowa ba sai ga Rabe. A 1893 ya ci Borno, aka ƙone Kukawa, ya koma Dikwa da zama. Mutanen Borno da yawa suka yo yamma. Wato shekara 120 kafin abin da muka gani da idonmu, an riga an yi irin wannan gudun a kan wannan hanyar.

17/
Haɗejawa su ma sun ɗanɗana. A watan Afrilun 1906 sojojin Ingila suka afka wa garin, Sarki Muhammadu Mai Shahada ya faɗi tare da ɗimbin mayaƙansa. Gidaje da yawa suka wayi gari babu maza. Sai kuma yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, ta koro mutanen arewa daga yankin da Faransa ke mulka zuwa kudu.

18/
A duk waɗannan shekarun babu Majalisar Ɗinkin Duniya, babu mota mai tambari, babu katin karɓar abinci. To yaya matar da ta iso da goyo da ƙullin kaya take sake kafuwa? Akwai hanyoyi da al'umma ta tanada, kuma guda 3 daga ciki sun shafi dabba kai tsaye.

19/
Ta farko, ba da kiwo. Mai hali ta ba wadda ba ta da shi akuya ta riƙe mata. In ta haihu a raba 'ya'yan yadda aka yi alkawari, kowane gari da irin rabonsa. Uwar na nan a matsayin ta mai ita. Bayan haihuwa biyu ko uku, mai kiwo ta samu nata turken.

20/
Ku lura da abin da ke kewaye da wannan. Mai unguwa kan yanka wa baƙo wurin zama da 'yar gona. Akwai makiyaya a bayan gari, akwai burtali, karan gona bayan girbi kowa na iya sakin dabba a ciki. Abincin akuya a lokacin aikin yaro ne na yini guda, ba a cire kuɗi.

21/
Ta biyu ta Fulani ce, musamman Wodaɓe na Nijar, ana ce mata habbanaye. Mutum ya ɗaura wa ɗan'uwansa ko abokinsa karsana aro. Ta haihu sau biyu ko uku, gwargwadon al'adar wurin, 'ya'yan su zama na wanda aka ba, uwar ta koma gidan mai ita.

22/
Babu takarda, babu ɗan sanda. Kunya ce ke tsaron ta. Wanda aka ba habbanaye yakan kula da ita fiye da nasa shanun, don sayar da ita abin faɗa ne har jikoki. Shi kuma mai bayarwa ya san yau shi ne, gobe ba a san kan wanda fari zai faɗa ba. Gemun ɗan'uwa ne ya kama da wuta.

23/
Ta uku malamai sun san ta a littattafan fiƙihu da sunan maniha: ka ba mabuƙaci aron dabba mai nono ya riƙa tatsa, daga baya ya mayar. Mutanen Madina sun yi wa waɗanda suka yi hijira daga Makka irin wannan da itatuwan dabino, aka mayar musu bayan Khaibar. Kalmar hijira kanta ai daga can muka samo ta.

24/
Duka ukun abu ɗaya ya haɗa su: aro ne mai haihuwa, tsakanin mutanen da suka san juna kuma za su ci gaba da ganin juna. In akuyar ta yi ciwo akwai wanda za a gaya wa. In yunwa ta matsa, mai akuyar ma kan aiko da 'yar tsaba, don kada a kai dabbarta kasuwa.

25/
Mu tsallako zuwa farin 1972 zuwa 1974. Dattawanmu na tuna shi. Damina ta gaza a jere, dabbobi suka mutu a duk faɗin Sahel, Buzaye da Fulanin Nijar suka kwararo garuruwan arewacin Najeriya. Mutanen da jiya suke da raƙuma da shanu suka koma gadi da bara.

26/
A wannan lokacin ne Michael Mortimore, malamin jami'a a Zariya sannan a Kano, ya fara bibiyar wani ƙauyen Mangawa mai suna Dagaceri a yankin Birniwa, cikin masarautar Haɗejiya. Ya yi ta komawa daga 1974 har 1986, ya fitar da littafi a 1989. Ƙauyen nan namu ya shiga ajin jami'o'in duniya, mu ba mu sani ba.

27/
Abin da ya nuna shi ne mutane ba zama suka yi suna jiran agaji ba. An sayar da dabbobi an sayi hatsi, maza sun tafi cin rani, an yi ta saƙar kaba ana sayarwa, an ci ganyayen daji. Gidan da ke da dabbar sayarwa yana da kwanakin da gidan da ba shi da ita bai samu ba.

28/
A can Nijar kuma, bayan wannan farin, ƙungiyar Oxfam ta gwada wani abu a Abala. Maimakon ta ƙirƙiro sabon tsari, sai ta ari habbanaye: aka sayi dabbobi a kasuwannin yankin, aka ba makiyayan da suka tsiyace bisa ƙa'idar da suka gada. Daga baya wasu ƙungiyoyi suka ɗauki salon, suka mayar da shi kan awaki da ƙungiyoyin mata.

29/
Turawa ma suna da nasu. Wani manomin Amurka, Dan West, ya yi aikin rabon madara ga yara a yaƙin basasar Sifaniya, ya ga kofin madara kullum ƙarewa yake. A 1944 ya fara tura karsana, da sharaɗin wanda ya samu ya ba wani 'yar fari. Ita ce ƙungiyar Heifer ta yau. Bafulatani zai ce ai mun daɗe da wannan.

30/
A 1983 bushiya ta dawo Najeriya ta yi ɓarna, 1984 fari ya biyo baya. A shekarar ce gwamnatin soja ta rufe iyakokin ƙasa, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar suna El-Buhari. Fadamar Haɗejiya ta sake karɓar mutane da garkuna. Sai dai fadamar da suka tarar ta fara canjawa.

31/
An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, duka a saman kogin. Ruwan da a da yake zuwa gaba ɗaya da damina ya malale fadama, yanzu ana riƙe shi don noman rani na Kadawa da ruwan shan Kano. Haɗe da ƙarancin ruwan sama, filin da ambaliya ke rufewa ya ragu da fiye da rabi a shekaru da dama.

32/
A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka auna: ruwan da aka bari ya malale fadama, da wanda aka tare don aikin noman rani na Kano, wanne ya fi kawo amfani? Na fadama ya ninka ɗayan nesa ba kusa ba. Kuma noma da su da itacen wuta kawai suka lissafa, ba su ma saka kiwo ba.

33/
Sai alkama. A 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita daga waje. Ga ƙananan injinan ban ruwa sun yawaita. Bakin kogi da tafkunan da dabbobi ke sauka da rani suka zama gonakin alkama da tattasai da albasa. Manomi ya samu, ba laifi. Amma ciyawar da take ta kowa ta shiga cikin shinge.

34/
Sai kacalla. Da yake yanzu ana sako ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, wasu wuraren ba sa bushewa, ciyawar nan ta samu gindin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, wani gari ya nutse, wani ya bushe. In ta girma dabba ba ta cin ta, sai dai tsuntsun jan-baki ya yi sheƙa a ciki ya fito ya cinye shinkafa.

35/
Sakamakon kun san shi: rigimar manoma da makiyaya a Guri da Kirikasamma da kaka. A zamanin Sule Lamido an yi ƙoƙarin shata makiyaya da burtali da samar da wuraren shayarwa. Duk da haka, harawa da dusa da ƙaiƙayi yau kayan sayarwa ne, da buhu da mudu. Wannan ce fadamar da baƙin 2014 suka tarar.

36/
Rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009, aka sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa a watan Mayun 2013. Zuwa 2015 fiye da mutum miliyan 2 sun bar gidajensu. Wasu suka tsallaka Diffa a Nijar, wasu Minawawo a Kamaru, wasu Chadi. Mafi yawa suka tsaya a cikin ƙasa, kuma a gidajen mutane suka sauka fiye da sansani.

37/
Masarautar Haɗejiya na iyaka da Yobe, daga Nguru hanya ce miƙaƙƙiya. Bayan harin Baga na Janairun 2015 harkar kifin Tafkin Chadi ta durƙushe, 'yan kifi da dama suka karkato Haɗejiya, kasuwar kifinta ta ƙara girma. Namiji mai sana'a ya samu inda zai dafa. Matar da aka kashe wa miji fa?

38/
Ku tuna abin da muka ce a baya, ajiyar mace a turke take. Mai gudu da dare da yara a hannu ba ya jan akuya. Wadda ba a sace ba an bar ta a ɗaure. Don haka matar nan a dare ɗaya ta rasa gida, ta rasa adashin shekara 10, ta rasa abin da take fitarwa ranar ciwo.

39/
Wannan ne ya sa hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta shiga rabon dabbobi a arewa maso gabas. Mata akan ba su awaki, galibi mata 3 da bunsuru 1, matasa kuma bijimin kiwo. Tunanin shi ne buhun masara wata guda yake yi, akuya kuwa tana haihuwa.

40/
A nan Jigawa, bayan Muhammad Badaru Abubakar ya hau a 2015, gwamnatinsa ta raba wa matan da mazansu suka rasu awaki 3 kowacce, mata 2 da namiji 1, da sharaɗin bayan wani lokaci a mayar da irin su a ba wasu. An yi ta yi masa ba'a a kai. Amma ku duba tsarin da kyau, habbanaye ce ta sa rigar gwamnati.

41/
Ba siyasa na zo yi ba, masu yabo da masu suka kowa na da abin faɗa. Abin da ya dame ni daban ne. Bazawarar da ke garinsu tana da tsakar gida, tana da ɗan'uwa mai gona da zai ba ta harawa, maƙwabta sun san akuyarta in ta ɓace. 'Yar gudun hijira ba ta da ko ɗaya.

42/
Ɗaki ɗaya take haya, ko tana raɓe a kangon wani. Mai gida ba lallai ya yarda a kafa turke ba. Ba ta surfe balle ta samu dusa, gari take aunowa rabin mudu. In yaronta ya shiga gonar wani yankan ciyawa, baƙo ne, magana ta tashi. An ba ta baki 4 da za ta ciyar bayan na 'ya'yanta.

43/
Sai mu koma tarkon da na ce ku riƙe. In aka raba awakin a tsakiyar bazara, ba ciyawa, ba hatsi a ɗaki, me kuke so ta yi? Za ta sayar, kuma a mafi arhar lokaci. Sai a rubuta rahoto a ce matan ba su da haƙuri. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

44/
Ga kuma cuta. Akwai wadda likitocin dabbobi ke kira PPR, 'yar'uwar bushiya ce, tana kama awaki da tumaki da majina da zawo, tana iya share turke cikin kwanaki. In ɗan kwangila ya tattaro dabbobi daga kasuwanni daban-daban ya cusa su mota ɗaya babu allura, cuta ya raba, har ta shafi awakin masu masauki.

45/
Abin haushin, rigakafinta na nan, ana yin ta a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Filato. Duniya ta ga bayan bushiya, an sanar da haka a 2011. An sa 2030 a matsayin shekarar da ake son gamawa da PPR. Allura ɗaya ba ta kai kuɗin igiyar da aka ɗaure akuyar da ita a wajen bikin rabo ba.

46/
Kada mu manta, fadamar kanta yanzu tana korar 'ya'yanta. Ambaliyar 2018 da 2020 da ta 2022 sun tashi garuruwa a Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri. A 2022 mutum fiye da 600 suka rasu a faɗin Najeriya. Mun ga mata a makarantu da bakin titi da awakinsu a ɗaure, harawar da aka tara ruwa ya tafi da ita.

47/
A ƙetaren iyaka ma labarin ɗaya ne. Daga 2019 dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina, yawancinsu mata da yara, suka tsallaka yankin Gidan Rumji a jihar Maraɗi, bayan 'yan bindiga sun kore musu dabbobi. Hukumar UNHCR ta zaunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, a jikin ƙauyukan da ke da mutanensu.

48/
Wannan zaɓin na zaunar da baƙi kusa da masu gari ya yi kama da abin da mai unguwa ke yi a da. Rijiya ɗaya, kasuwa ɗaya, asibiti ɗaya. Kiwo ba ya yiwuwa a cikin waya. Sai inda matar ta san wadda za ta ce wa "Yaya, ara mini bunsurunki," ita kuma ta san inda za ta same ta gobe.

49/
To me tarihin nan ke cewa ga mai niyyar rabon awaki a ƙasar Haɗejiya? Ya raba bayan kaka, lokacin da harawa ke da araha. Ya haɗa da abincin dabba na watannin farko, da hatsi ko kuɗin da zai hana a sayar da ita. Mutanen da suka ba da kiwo ma ai suna aikowa da tsaba.

50/
Ya sayi dabbar a kusa, wadda ta saba da ruwan nan da ciyawar nan. Ga Maigatari na ci duk Alhamis, ga kasuwannin ƙauye. Ya fi kyau ma matar ta je ta zaɓa da kanta, ta fi ɗan kwangila sanin akuya mai kyau. A yi allura kafin a miƙa igiya, a rubuta sunanta ita, ba na wani namiji a gidan ba.

51/
Kuma kada a tsallake matan gari. In baƙuwa ta samu 4, maƙwabciyarta da ta ba ta tabarma ranar da ta iso ba ta samu ko ɗaya ba, an shuka gaba. A haɗa su ƙungiya ɗaya, 'yar da aka haifa ta zagaya tsakaninsu. Kunyar da ta tsare habbanaye sai tsakanin waɗanda ke gaisawa take aiki.

52/
Babban aikin kuma na kogi ne. Yadda ake sako ruwa daga Tiga da Challawa, yashe hanyoyin da suka toshe, tsare burtali. An ma yi bincike a ƙarƙashin shirin TRIMING na Bankin Duniya, tare da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, kan yanke kacalla tun tana ɗanya a sarrafa ta abincin dabbobi. In hakan ya kai ƙauye, annoba ta zama harawa.

53/
Maganar ba ta wuce ba. Tun 2021 gwamnatin Borno ta fara rufe sansanonin Maiduguri, tallafin abinci daga waje na ta raguwa, a 2024 kuma an kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya. Za a ci gaba da rabon dabbobi, da kuɗin jama'a ko na bashi. Haƙƙinmu ne mu tambaya.

54/
Tambayar kuma ba ranar rabo ake yin ta ba. A koma bayan wata 18. Awaki nawa ke turken? Nawa suka mutu, me ya kashe su? Wadda ta sayar, a wane wata ta sayar, me ta saya da kuɗin? Yaran gidan sau nawa suke cin abinci a watan Agusta? Duk shirin da ba zai iya amsa waɗannan ba, hoto ya je ɗauka.

55/
'Yan ƙasar Haɗejiya da ke nan, na Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kirikasamma, Malam Madori: a garinku in an ba da kiwon akuya, yaya ake raba 'ya'yan? Ana yi har yanzu ko ya mutu? Ku tambayi iyayenmu mata ku rubuto a ƙasa, kowa ya faɗi garinsu. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya.